Ya Daɗe Kan Kujera

Ina cikin zuba wa wani koko a bakin tashar Sokode labarin ya same ni. Direban da ya kawo shi ɗan hanyar Dapango ne, ya saba tsayawa wajena duk sanda ya sauko daga arewa. Ranar bai miƙo kofinsa ba. Ya koma gefe ya jira har mutane suka ragu, sannan ya rage tsawo ya ce, "Mama, sai haƙuri. Allah ya yi wa yayanki rasuwa, har an kai shi makwancinsa. Matarsa ta ce don Allah ki iso kafin sadakar bakwai, akwai maganar da ta fi ƙarfinta."

Na yi salati. Ludayi yana hannuna da koko a ciki, mai kofi kuma yana tsaye, sai na ƙarasa zuba masa na sa sukari. Bayan ya tafi ne na ga na kasa tashi daga kujerar.

Waya ba ta aiki tunda aka shiga yajin aikin gama-garin nan da ya tsayar da ƙasa, shi ya sa sai a bakin direba muka ji. Na san yana fama da ciwon ƙirji tun bazara, na kuma yi niyyar zuwa, hanya ce ta ƙi. Mu biyu Mma ta haifa, shi ne babba. Dillalin shanu ne a kasuwar Dapango, amma da kiɗan kukuma aka fi saninsa. Kaset ɗaya tak ya taɓa yi, shekaru da yawa baya, a wani ɗakin ɗaukar murya a Lome. Na rubuta wannan ne saboda 'yan uwa na Kumasi da Birnin Kebbi da ke ta aiko tambaya, yaya hanya take yanzu, yaya muka samu iyalinsa.

Mun tashi da asuba, ni da kawuna, ƙanen Mma. Na bar wa 'yata babba tukunyar koko. Motar ƙaramar bas ce, kuɗinta kuma ya kusa ninkawa, don gidajen mai a rufe suke, a kwalba ake saye bakin titi. Direba ya sa an juye masa kwalabe har na gaji da kallo, yana ɗaga kowace sama yana duba ko an haɗa da kananzir. Gari ya fara haske muka bar Sokode.

Ƙarshen damina ne, ko'ina kore. Doya sabuwa a jibge bakin hanya, ba masu saye, saboda manyan motocin da ke kwasa zuwa Lome sun daina zuwa. Ba mu yi nisa ba muka tarar da baraj, wato shingen da samari ke yi da gungumen itace da tsofaffin tayoyi. Direba ya tsaya. Ya laluba aljihun mota ya ciro wani kaset mara hoto, ya tura, ya ƙure murya. Kukuma ta fara, sai ƙwarya ta biyo ta, sai muryar Yaya.

Samarin suka ɗaga hannu suna ihu, suka janye gungumen, muka wuce.

Ban shirya wa jin muryarsa ba. Na ja mayafina na rufe fuska. Kawu ya ɗora hannunsa kan gwiwata ya danna kaɗan, na gane yana nufin kada in nuna ko ni wace ce. Waƙar tana cewa:

Ya daɗe kan kujera,
hayaƙi ya ci ido nashi.
Tun asuba masu kwano sun kewaye shi,
in tukunya ya ƙare ba mai gaishe shi.
Yara sun girma, ya sauka ya huta,
ya ce, in na tashi wa zai ba mutane?

Gara in bayyana wannan tun yanzu, don 'yan uwan da ba su zauna zongon nan ba. Mma 'yar ƙabilar Kotokoli ce, a gidan miji ta koyi Hausa, kuma Hausar irinsu ba ta raba mace da namiji. Kowa "ya" ne, kowa "shi" ne. Ni an kai ni riƙo wajen goggonmu a Birnin Kebbi tun ina ƙarama, na dawo da Hausar can. Yaya a gindin tukunyar Mma ya girma, da bakinta yake magana. Waƙar nan Mma ya yi wa. Ita ce ta daɗe kan kujera a bakin tasha tana dama koko, ita hayaƙin itace ya lalata wa ido, ita ce in mun ce ta huta take cewa to direbobi su karya da me.

Sanda kaset ɗin ya fito, manyan zongo dariya suka yi masa. Ba wanda ya tsaya ya ji abin da yake faɗa, ana jin "tukunya ya ƙare" sai a kwashe da dariya. Masu sayar da kaset suka riƙa ɗora wasu waƙoƙi a kan nasa don kada su yi asarar zaren kaset. Ya daina zancensa, muka daina. Sai da ƙasa ta rikice, mutane suka fara neman canjin mulki, muka wayi gari muna jin muryarsa a shagunan tela da wajen masu gyaran babur. Na ɗauka abin na Sokode ne kawai, kuma zai wuce.

Muna hawan dutsen Alejo, inda titi ya ratsa tsakiyar wani ƙaton dutse da aka tsaga, gardama ta tashi a motar. Wani saurayi ne ya fara, ɗalibin jami'a da aka rufe musu makaranta, siriri mai tabarau. Ya ce, "Allah ya jiƙan Mai Kujera. Wannan ita ce bakandamiyar ƙasar nan." Ashe laƙabin da suka sa wa Yaya ke nan.

A gaba kusa da direba akwai wani Alhaji mai fataucin goro, ya taso daga Bilita. Ya juyo da jikinsa duka. "Bakandamiya? Yaro, ka san abin da ake kira bakandamiya kuwa? Waƙar da mawaƙi ya zuba duk abin da ya sani a ciki, ya mutu jikokinsa su ci gaba da cin abinci da ita. Wannan da ko tukunya bai san mace ce ba?"

Direba ya ce, "Alhaji, kai ka sha ruwan Sakkwato. Mu nan in mutum ya ce matana ya haihu, ba mai tambayar ko namiji ne ya haihu. Barka ake zuwa."

Aka yi dariya, har Alhajin ya murmusa, amma bai sauka daga maganarsa ba. Ya ce waƙar kirki tana da maigida, a san wanda aka yi wa, a ji sunan ubansa da garinsa. Ɗalibin ya ce ai rashin sunan shi ne gwanintar. Ya shiga fassara mana layi layi, yana lanƙwasa yatsu. Kujera, kowa ya san kujerar da ake nufi. Hayaƙi, 'yan fadanci ne da suka rufe wa mai mulki ido. Masu kwano, waɗanda ke ci a jikinsa. Tukunya, baitulmali. Da ya zo kan "in na tashi wa zai ba mutane", sai ya bugi bayan kujerar gabansa ya ce, "Ba haka suke faɗa mana a rediyo ba kullum? Mutumin nan ya hango yau tun muna firamare!"

Direba ya ce shi bai san fassara ba. Abin da ya sani, rediyon motarsa ya sha cinye zaren kaset ɗin nan, shi kuma ya sha zaro shi a hankali, ya liƙe da jan farcen matarsa, ya naɗe da biro. Kaset ɗin da bai kai wannan ba, in ya tsinke ta taga yake jefarwa. Alhaji ya ce to ashe jan farce ke naɗa bakandamiya yanzu.

Ni dai ina jinsu. Sai ɗalibin ya sassauta murya ya ce ba mutuwar Allah da Annabi mutumin ya yi ba, wani abu aka ba shi. Ya ce shi ma Dapango za shi, ranar sadakar bakwai za su taru a ƙofar gidan da lasifika, daga nan su ɗauki waƙar su zaga gari. A nan na gane maganar da ta fi ƙarfin matar Yaya. Kawu ya sake danna gwiwata.

A Bafilo muka tsaya shan ruwa. Matan Fulani suka kewaye mu da wagashi, cukun nan nasu mai jan baya. Na sayi kaɗan don yaran Yaya. Kawu ya sayi dafaffen ƙwai ya ba ni, na riƙe a hannu har ya huce ban ci ba.

Kafin mu shiga Kara direba ya rage gudu, ya zare kaset ɗin ya cusa cikin safarsa, ya sa na karatun Alƙur'ani. Kowa ya gyara zama. Alhaji ya ce, "Ga bakandamiyarku ta shige safa." Ɗalibin ya ce, "Ka taɓa ganin an ɓoye waƙar banza a safa?" Sojoji suka duba katinmu a bakin gada, suka leƙa kaya, suka ce mu wuce.

Daga Kara zuwa Kante hanya hawa da sauka ce, da kwanoni masu ban tsoro a gangaren Defale, inda muka ga wata babbar mota kwance a gefenta, an kwashe kayan an bar ta. Bayan Kante aka shiga dajin nan na gwamnati da a da ko zomo mutum ya buge da mota sai ya yi bayani. Yanzu naman daji a rataye yake bakin titi, ana ɗaga mana. Kawu ya ce shi dai a rayuwarsa bai taɓa zaton zai ga gada ta fi kaza araha ba. Itatuwa suka riƙa raguwa, ƙasa ta baje, kuka da ɗorawa suka fara yawa. A Sansanin Mango muka yi sallar azahar, aka ci shinkafa da wake da soyayyen kifin kogin Oti. A nan ne na iya cin loma biyu. Alhajin goro ya turo mini ruwansa ya ce, "Baiwar Allah, tun safe ba ki ce komai ba. Ke me kika gani a waƙar nan?" Na ce, "Ina jin ta dai, Alhaji." Ya ce to ai kin fi mu hankali.

Mun shiga Dapango rana ta yi sanyi. Gero da dawa sun yi kai a gonakin 'yan ƙabilar Moba, zabi suna tsallaka titi ba ruwansu da mota, tumatir kuma a kwanduna har yana ruɓewa don ba mai kai shi kudu. Gidan da Yaya ke haya yana cikin zongo, bayan mahauta. Tun daga nesa na gane shi, don wani ya zana kujera da gawayi a jikin bangon, irin babbar nan mai hannuwa ta ofis.

Matar Yaya 'yar Gando ce. Na same ta a ɗaki cikin takaba, ta rame. A wajenmu mace tana kiran ƙanwar mijinta da mijina, ni ma ina ce mata matata. Tana ganina ta ce, "Mijina, kin iso," sai muka riƙe juna. Ba zan rubuta abin da ya biyo baya ba.

Da muka natsu ta ba ni labarin ciwon. Tari ne da ya ƙi jin magani, an kwantar da shi asibiti an sallame shi, a hannunta ya cika yana kalmar shahada. Ba wanda ya ba shi komai. Ta ce ta faɗa wa samarin haka, suka ce tsoro ne ya sa take rufewa. Mai gidan da suke haya kuma ya aiko cewa in aka taso da zanga-zanga daga ƙofarsa, ta nemi wani wuri ita da yaranta, don shi ba zai bari a ƙone masa gida ba. Ta ce, "Ina zan kai yara cikin takaba? Mijina, ke ce jininsa. Ki gaya musu waƙar ta Mma ce. Ke za su ji."

Na tambaye ta shi Yaya me yake cewa in an tambaye shi. Ta ce dariya yake yi, ya ce su saurara da kyau. Ta ce a shekarar nan ta ƙarshe ya ji daɗin da bai taɓa ji ba. In ya shiga kasuwa mahauta suna buga wuƙa a kan teburi suna kiran Mai Kujera. Masu babur ba sa karɓar kuɗinsa. Har sabuwar tsagiya ya sa wa kukumar, bayan ta daɗe a rataye.

Da na kai wa Kawu maganar a waje, bai yarda ba. Ya ce, "Yaron nan ya sha dariya shekara da shekaru. Yanzu Allah ya ba shi suna, ke ki zo ki karɓe? In sun ji mai koko ne, gobe ba mai sa kaset ɗin. Ki roƙe su kawai su canja wuri, ki bar waƙa yadda suka ɗauka."

Maganarsa ta zauna mini. Na san samari, in sun yarda an kashe musu mutum, roƙo ba ya mayar da su. Na kuma san cewa in na buɗe baki, wataƙila in mayar da Yaya inda yake a da, mai kaset ɗin da ake dariya. Washegari da safe ina tsakar gida ina kallon 'yarsa ƙarama tana cin wagashin da na kawo, tana ba kaza gutsure, na ce wa Kawu ya aika a kira su.

Bayan la'asar suka zo, suka cika rumfar da aka kafa don masu gaisuwa. Na fito da mayafina na zauna a kan tabarma daga bakin ƙofa, Kawu yana gefena. Wanda ke gabansu shi ne ɗalibin nan mai tabarau. Da ya gane ni sai ya dafe kai ya ce, "Mama, ke ce? Kika bar mu muna ta surutu a mota?"

Na ce, "Ba ka faɗi abin da ya ɓata mini rai ba, ɗana, sai abu ɗaya. Yayana ciwo ya yi. Na san ciwon tun farkonsa. Kada ku ɗora wa kowa jininsa."

Na ga a fuskokinsu ba su yarda ba, ladabi ne kawai ya hana su musu. Sai na ci gaba. Na ce kujerar da ke cikin waƙar ba ta da hannuwa kamar wadda suka zana. Ba ta kai gwiwa ba, ƙafarta ɗaya gajera ce, sai an sa mata dutse. Tana bakin tashar Sokode, ni ke zama a kanta yanzu. Na faɗa musu hayaƙin, na faɗa musu masu kwano, da tukunyar da in ta ƙare kowa ke watsewa. Na ce uwarmu ya yi wa waƙa.

Wani daga baya ya ce, "Amma Mama, ai cewa ya yi ya daɗe. Bai ce ta daɗe ba."

Kafin in amsa, Kawu, wanda tun jiya yake hana ni, ya gyara murya. Ya ce, "Yarana, ku ji. Wannan da ake magana yayana ne. Shi ya goye ni, shi ya yi mini aure da kuɗin koko. Mace ne."

Dariya ta kuɓuce wa wasu, suka yi saurin toshe baki don gidan makoki ne. Amma sun ji da kunnensu. Yawancinsu haka iyayensu ke magana a gida, ba su dai taɓa kawo shi cikin waƙar ba.

Ɗalibin ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi da bakin riga. Ya ce, "Mama, kin kashe mana waƙa."

Na ce, "Ban taɓa ta ba. Tana nan yadda ya rera ta."

Sai ya tambaye ni abin da ban zata ba. Ya ce, "To ita ta ji waƙar? Ta sauka?"

Na ce ta ji. An kawo mata rediyo har bakin tukunya aka sa mata. Ta saurara har ƙarshe, ta ce muryarsa ta yi kyau, ta ci gaba da damu. Ba ta sauka ba. Daga kan kujerar aka ɗauke ta zuwa asibiti, kokon ranar ma ni na ƙarasa sayarwa.

Ba wanda ya yi dariya a nan. Na ce musu ni ban san siyasa ba, kuma ban zo in hana su neman abin da suke nema ba. Waƙa ta fita hannunmu tun ranar da aka sayar da kaset na farko, su rera ta inda suka ga dama. Abin da nake roƙo, kada su taso daga ƙofar nan, don akwai marayu a ciki da ba su da wani ɗakin.

Suka fita suna magana ƙasa-ƙasa, na ji wasu suna cewa an saye tsohuwar ne. Ban san abin da za mu wayi gari da shi ba.

Ranar sadaka suka zo, ba lasifika. Suka zauna a tabarmi bayan malamai, aka yi addu'a, aka raba masa da goro. Da aka tashi su suka kwashe bencunan da aka aro suka mayar wa masu su. Wani ya ɗebo ruwa ya wanke zanen da ke bango. Da yamma mun jiyo waƙar daga can wajen kasuwa, da ihu a bayanta, amma nesa da mu. Mai gida ya aiko da kwanon tuwo, matar Yaya ta ce wannan ne karo na farko.

Da za mu taho ta kira ni ɗaki ta ciro wani kaset daga ƙarƙashin katifa. Ta ce a watannin ƙarshe yakan rufe ƙofa da rediyonsa mai ɗaukar murya, ya ce in na zo a ba ni. Ita ba ta saurara ba. Na ɗaure shi a bakin zanena. A tasha muka haɗu da ɗalibin, ya karɓi jakata ya kai mota. Ya ce ya sake jin waƙar shi kaɗai, yanzu ta fi masa nauyi, ya kasa yin ihu a kanta kamar da. Ban san ko yabo ne ko ƙorafi ba, ban kuma tambaye shi ba.

Dawowa ta fi sauƙi, sai dai tayar da ta fashe mana kusa da Kante, muka zauna gindin ɗorawa har aka liƙe. Wannan direban ma yana da kaset ɗin, shi a cikin hularsa yake ɓoyewa. A baraj ɗin kusa da Sokode samari suna rera "ya sauka ya huta" suna buga galan. Na dube su ta taga har muka wuce.

A gida na tarar da masu gaisuwa. Cikinsu har da dattawan da na san irin dariyar da suka yi a da. Ɗaya ya ce shi tun ranar da kaset ɗin ya fito ya san yaron nan ba ƙaramin mawaƙi ba ne. Na ce Allah ya ba da lada.

Abin da tafiyar nan ta nuna mini ba shi da yawa. Kuskuren da ya sa aka yi watsi da kaset ɗin Yaya, shi ne ya sa aka ɗauke shi daga baya. Da ya ce "ta", da manyan zongo ba su yi dariya ba, da kuma ba wanda ya ɓoye shi a safa. Ko bakandamiya ce, ban isa in yanke ba. Alhajin goro ya ce sai an ga jikoki, wataƙila shi ke da gaskiya, don ban san wanda zai neme ta ba in ƙasa ta lafa. Na dai ga ta ɗauki nauyin da ba a yi ta dominsa ba, ba ta karye ba, kuma da aka sauke mata shi a rumfar nan, ba ta zama wofi ba.

'Yata ta riƙe wurin da kyau, har direbobi na cewa kokonta ya fi nawa kauri. Ta ce in bar mata, in huta. Na ce za mu gani. Washegari na koma na zauna.

Sai da gida ya yi shiru da hantsi wata rana na aro rediyon maƙwabta na sa kaset ɗin. Kukuma ce ita kaɗai, ba ƙwarya. Waƙar kujera ce yake sakewa, muryarsa ta dushe. Ya ce "ta daɗe kan kujera", a hankali, kamar mai taka dutse cikin rafi. Ya ce "hayaƙi ya ci ido nata". Da ya zo layi na uku sai bakinsa ya koma gida, ya ce "sun kewaye shi". Ya tsaya, ya yi dariya, tari ya sarƙe shi. Da ya lafa sai na ji ya ce, "A'a, wannan sai ƙanwana ya zo ya gyara mini." Sai ƙarar maɓalli.

Na bar zaren ya yi ta tafiya har ƙarshe, na juya ɗaya gefen. Babu komai a kai. Layi biyu ya gyara, sauran waƙar tana nan yadda take.